Kotar bindigar kakanmu ta tsage: in sake ɗaure ta ko in sassaƙa sabuwa?

Jikan Maharbi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen masu sanin icce. Akwai bindigar toka a gidanmu, irin ta ɗuri ta baki, ta kakanmu ce. Yanzu tana hannun kawuna, shi ke fita da ita cikin 'yan bindiga ranar hawan sallah. Kotar ta tsage a wuya, daidai inda hannu ke kamawa, tsagar ta faro daga bayan kunama, wato ƙarfen da ke bugawa ya tada wuta, ta gangaro ƙasa. An taɓa ɗaure wurin da ɗanyar fata, daga baya aka ƙara da waya, amma yanzu in ka riƙe ta sai ka ji tana motsi. Ni malamin makaranta ne, sassaƙa sha'awa ce kawai, nakan yi allo da kujerar tsuguno da kotar fartanya ranar da ba aiki. Ina son in yi mata sabuwar kota da hannuna. Ƙarfen ba zan taɓa shi ba. Wane icce ya dace, kuma yaya ake yi ƙarfe ya zauna daram a cikin icce?

Oga Kafinta:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka wahalar da kanka. Nemi katakon maɗaci mai kauri, ka ɗora tsohuwar kotar a kai ka zana, a yanka maka da inji, a huda maka hanyar bututu da inji. Inda ya yi yawa ka cika da gam ɗin Araldite. Yini biyu an gama.

Ɗan Masassaƙi:
Baba ba ya rubutu, amma na karanta masa tambayar da amsar Oga Kafinta, ga abin da ya ce in rubuta. Ya ce: Ɗana, kafin ka nemi icce, tsaya ka tambayi tsohuwar kotar abin da ya kashe ta. Kota ba ta tsagewa a wuya haka kawai. Ɗayan uku ne. Ko jijiyar iccen ta ratsa wuyan a gicciye maimakon ta bi shi a tsaye. Ko kuma gindin bututun ya daina jingina da icce, duk bugun da aka yi sai wutsiyar ƙarfen nan da ke kwance bayan bututu ta riƙa shiga iccen tana buɗa shi. Ko kuma man da ake shafa wa ƙarfe ne ya daɗe yana gangarowa yana jiƙa wuyan har ya ruɓar da shi. Ka duba wurin tsagar. In ya yi baƙi ƙirin kuma farce yana shiga, mai ne. In fari ne tas kuma tsagar ta bi layi ɗaya a karkace, jijiya ce. Ya ce maganar inji kuwa, inji bai san wannan bututun ba. Maƙerin da ya buge shi da hannu ya buge shi, wani wurin ya fi wani kauri, ba za ka sami hanya madaidaiciya ta karɓe shi ba.

Jikan Maharbi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na je na duba. Biyu daga cikin ukun ne suka haɗu. Wurin baƙi ne, yana warin baƙin mai, kuma wutsiyar ƙarfen ta ci iccen da ke bayanta har ta yi gurbi.

Lauyan Zaure:
Kafin hira ta yi nisa, Malam, bari in sa baki ta fannina. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi a 1959 kuma har yau take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na kai irin mai baki biyu da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki irin taku, waɗanda maganarsu ke bi ta wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne dokar ba mallaka kaɗai ta taɓa ba, har ƙira da gyara ta ce sai da izini. Kuma a watan Agusta na 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Shawarata: kada ka ɗauko ƙarfen ka kai ɗakinka. Ka yi aikin icce a gidan kawu, a gabansa, da sanin shugaban 'yan bindigarsu, kuma shi mai ita ya je ofishin 'yan sanda na yankinku ya faɗa musu abin da za a yi. A halin da ake ciki a Arewa, mutumin kirki ma in aka same shi da bututun bindiga a leda a kan babur, bayani zai yi masa tsawo.

Jikan Maharbi:
Na gode Barista. Dama a zauren kawu zan yi aikin, kuma zan isar masa da maganar ofishin 'yan sanda yau ɗin nan.

Na Maraɗi:
Ni dai in icce ake nema, ƙirya. Kakanninmu da ita suke turmi da taɓarya, gara ba ta cin ta, ruwa ba ya ruɓar da ita. Kotar ƙirya sai jikan jikanka ya gaje ta.

Ɗan Masassaƙi:
Baba ya ce a gaida na Maraɗi, amma bai yarda ba. Ya ce ƙirya ta yi nauyi, mutumin da zai yini a tsaye a rana da bindiga a kafaɗa ranar hawan daushe zai gaya maka. Ban da nauyi, tana da taurin da ke dakushe kurfi, wato ƙarfen fafe icce, tun ba a je ko'ina ba, kuma aikin zaunar da ƙarfe aiki ne na ɗebo icce siriri kamar ɓawon albasa. Iccen da ke ɓallewa maimakon ya yanku ba ya yin wannan aikin. Shi maɗaci ya fi so, ja mai tsufa, ko kawo in an samu. Ya ce maɗobiya ta fi su kyau duka in an goge, amma yanzu ina take?

Malamar Gandun Daji:
Baba ya yi tambaya mai zafi. Maɗobiya ita ce wadda 'yan katako ke kira kosso, wadda aka yi ta lodawa zuwa Sin daga dazukan Taraba da Adamawa da Kogi har aka kusa ƙarar da ita. A taron ƙasashe kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa da aka yi a Johannesbag a 2016 aka sa ta cikin jerin waɗanda ba a fitarwa sai da takarda. A taron Panama na 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo. Wannan doka ta fitarwa waje ce, ba ta hana Malam yin kota ɗaya ba, amma ina roƙo kada a sare tsayayyen maɗaci saboda wannan aiki. Bayan haka ma, ɗanyen icce ba zai yi maka amfani ba. Ƙa'idar masu busar da katako a inuwa ita ce kusan shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri, kota kuwa tana son katako mai kaurin inci 2 da rabi. Ka ga maganar shekara biyu zuwa uku ake yi. Je ka wajen masu rushe tsofaffin gidaje da masu sayar da tsofaffin ƙofofi da gadaje. Katakon da ya yi shekara arba'in a matsayin dogarin ƙofa ya gama duk motsin da zai yi. Ka dai duba ramin ƙusa da na gara.

Bahaushen Amurka:
Na ji daɗin wannan hira ƙwarai, domin abin da nake yi ke nan a ƙarshen mako a nan. Mutane da yawa a ƙasar nan sha'awarsu ke nan, su sayi tsohuwar bindigar farauta su yi mata kota. Har akwai kamfanonin da ke sayar da kotar da inji ya riga ya fafe kusan duka, a bar maka ɗan abin da ya rage ka ƙarasa da hannu. To ɗan abin nan da ya rage shi ne aikin gaba ɗaya, kuma shi ne ke cin makonni. Wannan ya gaskata maganar Baba: ko a ƙasar da inji ya yi yawa, hannu ne ke ƙarasawa.

Iccen da aka fi daraja a nan shi ne wanda suke kira walnat. Akwai baƙi na Amurka, akwai na Turai wanda mafi tsadarsa daga Turkiyya yake zuwa. Abin da ya sa suke son sa ba kyau kaɗai ba ne: bai cika nauyi ba, yana shanye bugu bai tsage ba, kuma yana yankuwa sumul ta kowace fuska. Amma ba dole sai shi ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu da walnat ya yi ƙaranci, da wasu itatuwan aka riƙa yi wa Lee-Enfield kota, bindigar nan da sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu). Su ma bindigogin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, waɗanda masu ɗuri namu suka samo asali daga gare su, akasari icce mai araha aka yi musu kota da shi aka shafa fenti. Saboda haka maɗaci ba abin raini ba ne. Matsalarsa ɗaya, jijiyarsa takan sarƙe, wani layi ya yi gaba wani ya yi baya, in kurfinka bai yi kaifin aska ba sai ya yage maka icce. Wasa kurfi kafin kowane zama.

Jikan Maharbi:
Yallaɓai, to yaya ake gane inda za a ɗebe? Ƙarfe in ya shiga rami ai ido ba ya ganin ƙarƙashinsa.

Ɗan Masassaƙi:
Baba ya yi dariya ya ce nan ne gizo ke saƙa. Ga yadda ya bayyana, na rubuta a hankali.

Ka bar katakon a murabba'insa, kada ka soma fito da siffar kota. Siffa ita ce ta ƙarshe, domin katako mai kusurwa ya fi sauƙin matsewa da aunawa. Ka ja layi a tsakiyarsa daga kai har gindi, duk awo daga layin nan zai tashi. Ka zaɓi gefen da jijiya ta bi lanƙwasar wuya, ko da zai sa ka yi asarar wani ɓangare na katakon.

Bututu ake fara zaunarwa. Ka fafe hanyar da ta fi shi ƙanƙanta kaɗan. Sai ka kunna aci-balbal da kananzir, ka ja lagwani ya yi hayaƙi, ka riƙa wuce ƙasan bututun a kan harshen wutar har ya yi baƙi. Ya ce a tabbata babu albarushi ko kaɗan a ciki kafin a kusanci wuta, a zura sandar ɗuri a auna, tsohuwar bindiga takan kwana da ɗuri shekaru ba wanda ya sani. Sai ka ɗora bututun a hanyarsa a miƙe, ka ɗan buga shi da guntun icce sau ɗaya, ka ɗaga shi a miƙe. Duk inda baƙi ya taɓa icce, nan ne ya tsaya. Nan kaɗai za ka kankare, ba gefensa ba. Ka sake shafa hayaƙi, ka sake ɗorawa. Da fari za ka ga ɗigo biyu ko uku. Sannu a hankali ɗigon yana yawa yana bazuwa, har ranar da za ka ɗaga ka ga baƙin ya kwanta tun daga kai har gindi, kuma rabin kaurin bututun ya nutse. In an kusa, a ajiye kurfi, a koma fasasshen gilashi, shi ke ɗebo gari-gari.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne bangon da gindin bututu ke jingina da shi. Nan duk ƙarfin bugu ke sauka. Dole baƙi ya rufe shi gaba ɗaya. Amma can ƙarshen wutsiyar ƙarfen, ka bar ɗan sarari wanda takarda ɗaya za ta shiga. In wutsiyar ta riga gindin taɓa icce, ka sake haifar da tsagar da ta kashe ta farko. Bayan bututu sai gidan kunama, domin shi bututu ne ke nuna masa wurin zama, sannan maɗanni, sannan ramin sandar ɗuri.

Bahaushen Amurka:
Wallahi abin da Baba ya faɗa shi ne harafi da harafi abin da tsofaffin masu wannan sana'a ke koyarwa a nan. Wasu na sayen wani baƙin shafi na musamman, wasu jan-baki na mata suke amfani da shi, amma da yawa har yau fitilar kananzir ce. Ko a bindigar Mauser ta 1898, wadda ke da wani ɗan ƙarfe a ƙasa mai karɓar bugu, dokar ɗaya ce: bayan ɗan ƙarfen ya jingina sosai, ƙarshen wutsiya a bar masa sarari.

Oga Kafinta:
Ni fa ban ce aikin Baba ba shi da kyau ba, Allah ya ba shi haƙuri. Amma a faɗi gaskiya, mutum nawa ke da wannan lokacin? Kuma Yallaɓai na Amurka, ka faɗa mana tsakani da Allah, can ba sa zuba gam a ƙarƙashin ƙarfe? Na ga ana yi a bidiyo.

Bahaushen Amurka:
Suna yi, Oga, ba zan ɓoye ba. Masu harbin nesa da ke neman harsashi ya faɗa wuri ɗaya kullum suna shimfiɗa gam mai haɗi biyu a inda ƙarfe ke zama, su shafa wa ƙarfen man goge takalmi marar launi don kada ya manne, su matse, ya bushe ya ɗauki siffar ƙarfen. Yana aiki. Amma lura da abu biyu. Na farko, sai an riga an zaunar da ƙarfen daidai sannan a shimfiɗa gam siriri, ba a fafe rami ya yi yawa a cika ba. Na biyu, in ka manta wani lungu bai sami man ba, ko gam ya shiga wani rami a jikin ƙarfen, to ƙarfe da icce sun zama ɗaya, sai an fasa kotar. A kan bindigar gado wadda maƙeri ya buga da hannu, mai lunguna da yawa, ni ba zan yi ba.

Oga Kafinta:
To na ji wannan. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: ramin sandar ɗuri. Rami ne mai tsawo a cikin icce siriri, in ya kauce kaɗan sai ya ɓullo ta ciki ko ta gefe, aikin wata guda ya tashi a banza. Wannan kam Malam ya kawo a huda masa, ko ya zo ya ga yadda ake ɗaure dogon mahudi ya bi hanya.

Ɗan Masassaƙi:
Baba ya ce a nan Oga ya yi gaskiya, kuma a huda shi tun katako yana da kauri.

Na Maraɗi:
Tunda an ƙi ƙiryata, ga wata gudummawa. Ku tuna da yanayi. Katakon da aka zaunar wa ƙarfe a watan Agusta, lokacin da iska ke cike da laima, in hunturu ya busa zai tsuke, kusoshi su saki. Wanda aka yi a tsakiyar hunturu kuma zai kumbura da damina ya matse ƙarfe. Mu nan mun sha ganin haka a ƙofofi. Malam ya kai katakon zauren da za a yi aikin ya bar shi ya yi makonni a can kafin ya sa masa kurfi, kuma a shafe cikin ramin da mai kamar yadda za a shafe waje, don kada laima ta shiga ta nan.

Jikan Maharbi:
Jama'a, na dawo da labari. Na sami dogarin ƙofar wani tsohon gida, maɗaci ne ja wur, da na yanka ƙamshinsa ya cika zauren. Kawu ya je ofishin 'yan sanda kamar yadda Barista ya ce. Bututu ya kusa nutsewa rabi. Sai dai baƙin yana fitowa a gefen hagu sosai, dama kuwa ɗigo kaɗan. In ci gaba da ɗebe hagun? Sannan tsawon gindin kotar, in bi na tsohuwar ko in auna kawu?

Ɗan Masassaƙi:
Baba ya ce dakata, kada ka ɗebe komai tukuna. Sau da yawa hannu ne ke karkata wajen ɗorawa ko ɗagawa, sai gefe ɗaya ya shafi baƙin ƙarya. Ka goge, ka sake shafa hayaƙi kaɗan ba mai kauri ba, ka sa kawu ya riƙe bakin bututun kai ka riƙe gindi, ku sauke shi tare. Ka kuma duba ko bututun yana kan layin tsakiya har yanzu. In baƙin ya sake fitowa a hagu, to gaskiya ne, ka kankare da gilashi. Ya ce iccen da ka ɗebe ba ya dawowa, wanda ka bari kuwa gobe ma yana nan.

Bahaushen Amurka:
Maganar tsawo, auna kawu, tunda shi zai riƙe. Yawancin bindigogin da ake sayarwa nan, daga maɗanni zuwa ƙarshen gindi inci 13 da rabi ne zuwa 14 da ɗoriya, amma mutane ba tsawonsu ɗaya ba. Ka bar gindin da tsawo, ka ba shi ya ɗaga zuwa kafaɗa idonsa a rufe, sanye da irin rigar da yake sawa ranar hawa, domin kaurin riga yana ƙara nisa. In ya buɗe ido ya ga yana kallon saman bututun a miƙe ba tare da ya miƙa wuya ko ya danne kumatu ba, an dace. Tsakanin hancinsa da babban yatsan da ya kama wuyan kotar a sami kamar faɗin yatsa biyu, don kada bugu ya kai yatsan ga hanci. Kana rage kaɗan kana gwadawa.

Malamar Gandun Daji:
Saura mai. Don Allah kada a shafa baƙin mai ko man gyaɗa. Baƙin mai shi ya ci ta farko, man gyaɗa kuma ba ya bushewa, sai ya yi danƙo ya yi wari. A nemi man linsid dafaffe wajen masu sayar da fenti. Kaɗan ake ɗigawa a tafin hannu a murza har iccen ya yi ɗumi, a goge ragowar, a bar shi ya bushe sosai kafin a ƙara. Tsumman da aka goge man da shi kada a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje ko a jiƙa shi da ruwa.

Ɗan Masassaƙi:
Baba ya ƙara da cewa in an gama a riƙa jingine ta baki a ƙasa, don man ƙarfe ya gangara waje maimakon ya koma wuya. Kuma ya ce kota sabuwa ba ta mayar da tsohon bututu sabo. Kafin kawu ya sake ɗura mata albarushi, a kai wa maƙerin da ya san aikin kuma yake da izini ya duba gindin bututun da kyau, tsatsa daga ciki take ci.

Jikan Maharbi:
Mun gwada sauke shi mu biyu kamar yadda Baba ya ce. Baƙin ya fito a gefe biyu kusan daidai, ɗan wuri ɗaya ne kawai kusa da gindi ya rage, shi zan bi da gilashi gobe in Allah ya kai mu. Kawu ya ce tsohuwar kotar ba za a yar ba, akwai tambarin da kakanmu ya ƙona a jikinta, za a ajiye ta. Oga Kafinta, ranar Asabar zan shigo da katakon saboda ramin sandar ɗuri. Sandar ma in zo da ita?

Oga Kafinta:
Zo da ita Malam, da ita za mu auna kaurin mahudi. Ƙarfen dai a bar shi a gidan kawu, ka auno mini tsawon bututun da zurfin hanyar da ka fafe a takarda. Ka zo da safe kafin a ɗauke wuta.